In Ɓera da Sata, Daddawa Ma da Wari: Ƙiba, Laifin Wa?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san irin tarbar da ake yi wa mutumin da aka daɗe ba a gani ba. Tun kafin a tambaye shi hanya ko iyali, sai an ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. Idan aka ga kumatu sun ciko, wuya ya yi kauri, riga ta ɗan ɗage ta gaba, sai a ce, "Kai, lalle garin nan ya karɓe ka!" Idan kuwa aka ga ya zube, sai murya ta yi ƙasa, a ce, "Lafiya kuwa? Ko ciwo ka yi?" Haka nan amarya idan ta zo ganin gida, da jikinta ake auna mijinta. In ta yi ɓul-ɓul, to an dace da suruki. In ta rame, sai gwaggo ta ja ta ɗaki a fara bincike.

Ba wauta ce ta sa kakanninmu suka ɗauki ƙiba a matsayin alheri ba. Mutane ne da suka san yunwa ido da ido. Sun ga ta 1914 wadda tsofaffi ke kira Kakalaba, iyayenmu sun ga farin 1973 da ya karkashe dabbobi daga Agadas har ƙasar Katsina, aka kuma sake ɗanɗana wata a 1984. Ko a shekarar da damina ta yi kyau, akwai 'yan watannin nan na tsakiyarta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, ga noma ya kankama. A irin wannan rayuwa, kitsen da ke jikin mutum wani ɗan rumbu ne da yake yawo da shi. Daga baya kuma, da wata muguwar cuta ta ɓulla a shekarun 1980, sunan da Bahaushe ya laƙaba mata daga rama ya samo shi, ya kira ta ƙanjamau. Tun daga nan ramammen mutum ya zama abin zargi, ba abin tausayi kaɗai ba.

To, sai ga shi duniya ta juya, amma bakinmu yana nan inda yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a doron ƙasa yana ɗauke da ƙibar da likitoci ke lissafawa cikin cututtuka, wato sama da mutum biliyan 1 ke nan. Daga 1990 zuwa wannan shekara, yawanta ya ninka fiye da sau 2 a tsakanin manya, ya ninka sau 4 a tsakanin matasa. Kada mai karatu ya ce ai wannan zancen Amurka ne, inda wajen mutum 4 cikin manya 10 ke fama da ita. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima. Binciken nan dai shi ne ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma ma abin ya haura rabi. Wato a unguwa guda, wani lokaci ma a gida guda, ana iya samun uwa mai teɓa tana goye da ɗa mai tamowa.

Ya kamata mu fayyace abin da ake nufi, domin ba kowane mai jiki ne marar lafiya ba. Likitoci suna raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita wanda aka ninka da kansa. In sakamakon ya kai 25, nauyi ya fara yawa. In ya kai 30, an shiga ƙiba ta cuta. Alal misali, mai tsawon mita 1.70 ya shiga sahun farko in ya kai kilo 72 da ɗoriya, ya shiga na biyu in ya kai wajen kilo 87. Wannan ma'auni, wanda asalinsa wani masanin lissafi ɗan Beljiyam mai suna Adolphe Quetelet ya fito da shi a ƙarni na 19, yana da gurɓinsa: ba ya bambance ɗan dambe mai tsoka da ɗan kasuwa mai tumbi. Shi ya sa ake ƙarawa da awon ƙugu, saboda kitsen da ya fi haɗari shi ne wanda ke taruwa a cikin ciki, ya kewaye hanta da hanji. Shi ne ke sa jiki ya daina jin maganar sinadarin insulin, sukari ya taru a jini. Daga nan sai sauran su biyo layi: hawan jini, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, lalacewar ƙoda, dushewar gani, gyambon ƙafa da ba ya warkewa har sai an yanke, ciwon gwiwa, da wasu nau'o'in ciwon daji.

Wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ya san cewa wannan ba ciwon mutum ɗaya ba ne. Wankin ƙoda sau 2 ko 3 ake yin sa a mako, kuma a ƙasar da yawancin jama'a daga aljihunsu suke biyan kuɗin magani, gona ce ke tafiya, fili ya bi ta, a cire yaro daga makaranta, a ƙarshe a shiga masallaci da takardar neman taimako. Magidancin da ɓarin jikinsa ya shanye yana ɗan shekara 50 ya bar mata da 'ya'ya a tsakiyar kogi. Saboda haka tambayar da muke son mu tattauna ba ta likitoci ba ce kawai, ta tarbiyya ce da adalci: idan mutum ya yi ƙibar da ta kwantar da shi, laifin wa ne?

Amsar farko da ke zuwa baki ita ce, laifinsa ne. Hannunsa ne ya kai loma bakinsa, ba wanda ya ɗaure shi ya yi masa ɗura. Wannan amsa tana da ƙarfi, kuma ba za mu yi mata riƙon sakainar kashi ba. Addininmu ya halatta ci da sha, amma ya hana almubazzaranci, kamar yadda ya zo a Suratul A'araf. Tun muna makarantar allo aka karantar da mu a raba ciki gida uku, a bar wa abinci kaso, ruwa kaso, numfashi kaso. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a cikin Ihya'u a kan karya sha'awar ciki, yana ganin ita ce ƙofar da sauran sha'awowi ke shigowa ta cikinta. Al'adarmu ma ba ta yabon haɗama. Yaron da ya cika zari a akushi, da harara ake gyara shi. Mutumin da aka cire masa alhakin abin da yake ci, an mayar da shi dabbar turke ke nan. Mu kuma faɗa wa kanmu gaskiya, ba kowa ne talauci ko rashin sani ya jefa a wannan hali ba. Dubi yadda teburin buɗa-baki ke cika a gidajen masu hali cikin watan azumi, watan da aka shar'anta don a koyi haƙuri da yunwa, amma wasu su fito daga cikinsa sun fi yadda suka shiga nauyi.

Sai dai jiki ba bawa ne mai jin umarni kamar yadda muke zato ba. A 1994 wani masani mai suna Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta Amurka suka gano wani sinadari da kitse ke fitarwa, mai suna leftin, wanda ke kai wa ƙwaƙwalwa rahoton yawan abin da ke ajiye. Idan mutum ya rage ci ya fara ramewa, sinadarin nan sai ya yi ƙasa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari aka shiga, sai ta ƙara masa yunwa, ta kuma rage yawan abin da jiki ke ƙonawa. Wannan ne dalilin da ya sa da yawa daga masu rage ƙiba, bayan sun sha wuya, nauyin ke dawo musu. Ga kuma gado: mutum biyu za su ci daga kwano ɗaya shekara da shekaru, ɗaya ya zama kamar sillen kara, ɗaya ya cika ƙofa. Wanda bai yi ƙiba ba sau da yawa ba kamun kai ne ya fi ɗan'uwansa ba, sa'ar halitta ce kawai ya yi.

Akwai wani abin da ya fi wannan tayar da hankali. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, cikin hunturun 1944 zuwa 1945, sojojin Jamus sun toshe hanyar abinci zuwa yammacin ƙasar Holan, aka yi yunwar da ta kashe dubban mutane. Bayan shekaru, masana suka bi sawun 'ya'yan da ke cikin ciki a lokacin. Sai aka tarar waɗanda yunwar ta riska a farkon watannin cikinsu sun fi sauran tsararsu yin ƙiba da suka girma. Jikin da aka gina a kan rashi yakan koyi ɓoyo, in ya samu yalwa daga baya sai ya yi ta tarawa. Mu dakata mu auna wannan da halin da muke ciki. Yaran nan da tamowa ta tsumburar a ƙauyukanmu, su ne gobe za su shigo birni su tarar da lemon kwalba da burodi da taliya. Shin in ciwon sukari ya kama ɗayansu yana ɗan shekara 40, da wane baki za mu ce masa haɗamarsa ce ta ja masa, alhali tun yana cikin mahaifiyarsa aka fara rubuta masa takardar?

Nan ne karin maganar da muka ɗora a kan wannan rubutu ta shigo. Halin ɗan Adam bai canja ba daga 1990 zuwa 2022. Ba a wayi gari mutanen duniya suka zama marasa kamun kai a lokaci guda ba. Abin da ke kewaye da su ne ya canja. A da, kafin tuwo ya shiga baki sai an yi sussuka, an yi surfe, an yi daka, an jawo ruwa, an faskara ice. Yanzu injin niƙa ya ɗauke wannan, kuma ba mu ce a mayar da mata bakin turmi ba, wanda bai taɓa riƙe taɓarya ba ne kawai ke kewar ta. Tafiyar da ake yi da ƙafa daga Ƙofar Mata zuwa Kurmi, acaɓa ta zo ta ɗauke, bayanta A Daidaita Sahu. Garuruwanmu suka yi ta faɗaɗa ba tare da an bar wa mai tafiya a ƙasa gefen hanya ba, filayen da yara ke ƙwallo aka yanka aka yi shaguna. Matar da ke zaune a gidan haya mai ɗaki ɗaya da ɗan tsakar gida kamar tafin hannu, in likita ya ce mata ta riƙa tafiyar minti 30 kullum, ina za ta yi ta, kuma me maƙwabta za su ce?

Abinci ma haka. Gero da dawa da wake da zogale da rama suka ja baya, farar shinkafa da fulawa da man gyada da sukari suka shigo gaba, har aka mayar da tuwon dawa alamar ƙauyanci. Gwangwanin lemo ɗaya mai santilita 33 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, alhali shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2015 ita ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 a yini, in ma da hali ya tsaya a 25. Amma shi ne abin da muke tarbar baƙo da shi, shi muke rabawa a suna da biki, shi muke kai wa marar lafiya a asibiti.

Warin daddawar nan kuwa ba duka ne na ganganci ba, wani da gayya ake kaɗa shi. A 2016 wasu masu bincike suka tono takardun da suka nuna cewa a shekarun 1960 ƙungiyar masu masana'antun sukari ta Amurka ta biya wasu masana na Jami'ar Harvard, suka wallafa nazari a 1967 wanda ya sassauta laifin sukari a ciwon zuciya, ya ɗora nauyin a kan maiƙo. A tsibiran tekun Fasifik, inda ƙiba ta fi ko'ina yawa a duniya, an daɗe ana jibge musu kitsattsen naman da masu arziki ba sa so, irin su gindin talotalo daga Amurka. Ƙasar Samowa ta hana shigo da shi a 2007, amma da ta nemi shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, sai da ta amince za ta janye hanin. Ƙaramar ƙasa ta yi yunƙurin kare cikin 'ya'yanta, ciniki ya ce ba ta isa ba.

Duk da haka ba za mu tattara laifin mu jibga wa Turawa da kamfanoni mu kakkaɓe riga ba. Akwai kason da yake namu, kuma shi ya fi shafar mu masu riƙe da alƙalami. Al'ummu da dama sun mayar da ƙibar mace ado: a Kalaba akwai ɗakin da ake killace budurwa a yi ta ciyar da ita kafin aure, a Muritaniya ana yi wa 'yan mata ɗurar madara, wata mai nazarin al'adu kuma, Rebecca Popenoe, ta wallafa littafi a 2004 a kan yadda Larabawan Azawak na Nijar ke ɗura wa 'ya'yansu mata nono da gero tun suna ƙanana. Mu ba mu da ɗakin ɗura, amma muna da ƙwayoyin da bakin kasuwa ya sa wa suna sha-ka-fashe. Wasunsu maganin ƙaiƙayi ne mai buɗe ciki, wasu kuma irin su deksametazon ne, maganin da likita kan bayar da taka-tsantsan don kumburi ko asma. Wanda ya daɗe yana shan sa barkatai, fuska za ta kumbura, ciki ya fito, sukari da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi. Yarinyar da ke haɗiyar wannan ana saura wata biyu bikinta, ba yunwa take ji ba, ba kuma haɗama ce da ita ba. Magana take gudu. Tana gudun dangin miji su ce an kawo musu ƙashi da rai, tana gudun habaicin kishiya. Mu muka ƙera maganar, mu muke yaɗa ta, har mun kasa bambance ƙiba da kumburi.

Mu duba littattafanmu. Sau nawa muka nuna cewa jaruma ta samu kwanciyar hankali a gidan miji ta hanyar cewa ta yi ƙiba ta yi fari? Sau nawa muka bayyana arzikin gida da jerin kaji da lemuka a kan tebur, shafi guda cur, kamar marubucin da yunwa ya zauna rubutun? A ɗaya gefen kuma, in muna son mu nuna mugun Alhaji mai auren dole, sai mu ɗora masa ƙaton tumbi, yana tafiya yana nishi. In muna son abin dariya, sai mu kawo wata uwar mata mai cika kujera. Da hannun dama muna yaba ƙiba, da na hagu muna yi wa mai ita dariya, kuma babu ɗaya daga ciki da ke faɗa wa mai karatu gaskiyar abin da ke faruwa a cikin wannan jiki. Ba'a ba ta taɓa rage wa kowa kilo ɗaya ba. Abin da take yi shi ne ta sa mutum ya ji kunyar hawa sikeli, ya ƙi zuwa asibiti, mace ta ƙi fita motsa jiki don kada yara su bi ta da ihu. Suratul Hujurat kuwa ta riga ta yanke hukunci a kan izgili da jifa da munanan laƙabi. Wasu daga cikinmu kuma, da suka ji an ce ƙiba cuta ce, sai suka koma ɗaya bakin, suka ɗauko siririyar macen finafinan waje suka mai da ita ma'aunin kyau, wanda shi ma wata hanya ce ta sa yarinya ta tsani jikinta.

Ra'ayinmu dai shi ne alhaki yana bin iko ne. Gwargwadon zaɓin da ke hannun mutum, gwargwadon abin da za a tambaye shi. Ma'aikacin da ya san illar abin, yake da kuɗin sayen kifi da ganye, yake da lokacin zagaya fili da asuba, kasonsa ya fi na ɗan dakon da burodi da shayi mai sukari cokali 5 ne kaɗai abin da kuɗinsa zai saya ya riƙe shi zuwa la'asar. Maigidan da ke yin cefane, ya kuma ƙi cin miyar da mai bai yi iyo a kanta ba, kasonsa ya fi na matar da ke girkawa. Wanda ya fi kowa iko kuwa ita ce hukuma, kuma an ga abin da take iya yi in ta so. Meziko ta sa harajin peso 1 a kan kowace litar lemon zaƙi a 2014, saye ya ragu da kimanin kashi 6 cikin 100 a shekarar farko. Ingila ta sa nata a 2018 bisa yawan sukarin da ke cikin abin sha, sai kamfanoni da dama suka rage sukarin tun kafin dokar ta fara aiki. Nijeriya ma ta sa naira 10 a kan kowace lita a Dokar Kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022. Amma naira 10 a ƙasar da farashi ke tashi kamar gwauron zabo, wa zai ji ta a jikinsa har ya fasa saye?

Wani abu kuma yana tafe wanda ya kamata mu sa wa ido tun yanzu. A Amurka da Ingila ƙiba ta riga ta sauya gida: ta fi yawa a unguwannin talakawa, musamman a tsakanin mata, domin mai kuɗi ya koma cin ganye da zuwa gidan motsa jiki. A 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da allurar Wegovy, wadda ke rage wa mutum wajen kashi 15 cikin 100 na nauyinsa, amma sai an ci gaba da yin ta mako-mako, in aka daina nauyin ya dawo. Ba sai an faɗa ba, a garuruwanmu waɗanda za su fara kai hannu ga irin wannan magani su ne waɗanda dama suke da likitansu na kansu. Alamun sauyin sun fara bayyana: attajirin da likita ya tsoratar ya koma tambayar tuwon dawa da miyar kuka, ya bar wa direbansa da maigadinsa lemon kwalba. Ranar da tumbi ya gama sauka daga jikin Alhaji ya koma jikin mai tura baro da mai sayar da ƙosai, yabon da muke yi masa zai ƙare da kansa ba tare da an yi wa kowa wa'azi ba, abin da zai rage shi ne dariyar, kuma a kan waɗanda ba su da bakin ramawa za ta sauka. Su ne kuma za su fi cika layin asibitin gwamnati da katin ciwon sukari a hannu, a wuraren da sau da yawa ba a gano ciwon sai ƙafa ta fara ruɓewa.